Yadda Ake Kashe Juji a Unguwa Ba Tare da Ya Sake Tashi Ba

Duk unguwar da ta taɓa haɗa kai ta kwashe juji ta san abin da ke biyo baya. A fito da shebur da baro, a yini ana gumi, mota ta zo ta ɗebe, wuri ya yi fes. Bayan mako biyu sai ga ƙullin leda ɗaya a jikin katanga, kashegari uku, kafin wata ya cika tsohuwar katifa ta zo ta kwanta a kansu. Sai a ce mutane ba su da tarbiyya. Akwai marasa tarbiyyar, amma ba su suka fi yawa ba. Galibin sharar da ke ƙarewa a bakin hanya daga gidajen da suka rasa inda za su kai ta take fitowa: mazubi ya cika, mota ba ta zo ba, ko kayan sun fi ƙarfin mazubin. Shi ya sa kwashewa ba ita ce matakin farko ba. Jerin da ke aiki shi ne a ƙidaya, a samar wa shara mafita, a kwashe, a toshe wurin, sannan a zo kan hukunci. Wanda ya birkita wannan jerin zai yi ta maimaita aiki ɗaya.

Ku fara da ƙidaya

Ku ware mako biyu ba ku taɓa komai ba sai kallo da rubutu. Mutum biyu ko uku su zagaya unguwar da sassafe da kuma bayan faɗuwar rana, su zana taswira ko da a takarda ce, su sa alama a duk inda ake zubarwa. A kowane wuri a rubuta rana, lokaci, irin kayan da kimanin yawansu, a ɗauki hoto daga tsayuwa ɗaya kullum don a iya kwatantawa.

Irin sharar ce ke faɗin mai ita. Ƙananan ƙulle-ƙullen leda masu ragowar abinci da ke ƙaruwa kullum na maƙwabta ne, kuma maganinsu mazubi ne da kwasa a kan kari. Kwalaye iri ɗaya masu tambari ɗaya na masu kasuwanci ne da ke gudun kuɗin kwasa. Baraguzai, fasassun tayil da gwangwanayen fenti na mai gyaran gida ne ko ɗan kwangilarsa. Katifa, kujera da firji sukan bayyana a lokacin da 'yan haya ke tashi. Tulin da ya sauka gaba ɗaya cikin dare, ga sawun taya a gefensa, aikin mai mota ne ko mai amalanke da aka biya ya kai shara inda hukuma ta ware, ya ga hanya ta yi nisa ko akwai kuɗin shiga, ya juye a kusa. Kowanne da maganinsa, kuma allon gargaɗi guda ba ya warkar da dukansu.

A cikin makonnin nan ku auna sharar gida. Ku zaɓi gidaje goma, manya da ƙanana, su tara sharar kwana bakwai. Kullum a karɓa, a ɗora a sikeli, a baje a kan tampol, a raba: mai ruɓewa, kwali da takarda, robobi masu ƙarfi, leda, ƙarfe, kwalba, da sauran tarkace. Kowane kaso a auna nauyinsa, sannan a auna cikarsa da bokiti mai lita 20. Awon bokitin nan kada a tsallake shi, domin mazubi ba nauyi ke cika shi ba, girma ne.

Lissafin mazubi

Rahoton Bankin Duniya na 2018 ya ƙiyasta cewa mutum ɗaya na fitar da shara kilo 0.74 a rana idan aka yi matsakaicin duniya, amma tsakanin ƙasa da ƙasa abin ya tashi daga kilo 0.11 har 4.54. Wannan tazarar kaɗai ta isa hujjar ku yi naku awon. Ga misalin yadda lissafin ke tafiya. A ce awonku ya ba da kilo 0.7 ga mutum, gida na da mutum 6, wato kilo 4.2 a rana. A ce kuma bokitin lita 20 ya ɗauki kilo 4, wato kowane kilo na cin lita 5. Gida ɗaya ke nan lita 21 a rana, gidaje 50 kuwa lita 1,050. Idan mota na zuwa sau biyu a mako, tazara mafi tsawo kwana 4 ce, wato lita 4,200. Ku ƙara kashi ɗaya cikin huɗu saboda ranakun taro da ranar da mota ta makara, ya zama lita 5,250. Manyan mazubai masu taya huɗu na lita 1,100 guda biyar ke nan, ko masu taya biyu na lita 240 guda ashirin da biyu. Sau da yawa idan aka yi wannan lissafin sai a tarar gidaje hamsin na raba mazubi biyu. A nan ba sai an nemo mai laifi ba.

Sau biyu a mako ba zaɓin son rai ba ne a wuri mai zafi. Ƙwan ƙuda na ƙyanƙyashewa cikin kwana ɗaya, tsutsar ta ƙoshi cikin 'yan kwanaki ta rarrafo waje, kuma daga ƙwai zuwa cikakken ƙuda kwana bakwai zuwa goma ne. Kwasa sau ɗaya a mako na ba su duk lokacin da suke so.

Inda aka ajiye mazubin ma na da nasa tasiri. Ƙa'idar gini a Ingila ta ce kada mai gida ya ɗauki shara fiye da mita 30 zuwa wurin ajiyarta. Ba kowace unguwa ce za ta iya haka ba, amma da zarar tafiyar ta kai mita ɗari, musamman idan yara ake aika, sai sharar ta fara sauka a hanya. Yaro kuma ba ya iya ɗaga murfin babban mazubi, sai ya ajiye a gindinsa, na bayansa ya ɗora a kan nasa. A yi ɗan matakala ko a sayi mazubi mai ƙaramar ƙofa a murfi. A daɓe wurin da siminti, a ɗan karkata shi don ruwan wanki ya gangara, a sa fitila, a tabbatar motar kwasa na iya isowa ta juya. Kada a kewaye shi da doguwar katanga ta ko'ina. Ana yin haka don kyan gani, amma wurin da ido ba ya kaiwa shi ne wurin da ake jibge firji.

Kwali, leda da roba: inda iska ke cinye wuri

Idan kuka duba sakamakon tampol, za ku ga kayan naɗi da na zubi ba su da nauyin kirki, amma su suka cika bokiti. Kwalin da ba a ɓalle ba da gorar roba da aka mayar wa murfi iska ce kawai a ƙunshe, kuma ita ake biyan mota ta ɗauka. Alƙaluman ƙungiyar haɗin gwiwar tattalin arziki da ci gaban ƙasashe (OECD) sun nuna kusan kashi 40 cikin ɗari na sharar roba a duniya daga kayan naɗi take, kuma kashi 9 kacal na sharar roba ake sake sarrafawa. Saboda haka a nan unguwa za ta fi samun sauƙi da ƙaramin ƙoƙari.

Kwali a yanke salatif ɗinsa, a ɓalle shi ya kwanta, a ɗaure goma goma ko ashirin ashirin da igiya, a ajiye a ƙarƙashin rufi a kan katako, ba a ƙasa ba. Ruwa ne abokin gabarsa. Kwalin da ya jiƙe yana yin fumfuna, zarensa ya lalace, masu saye su ƙi shi ko su karya farashi. Wanda mai ya ɓata a yage wajen man a kai shi taki, sauran a haɗa da masu kyau.

Roba kuwa ba iri ɗaya ba ce, kuma haɗa ta wuri ɗaya shi ne kuskuren da ke kashe yawancin shirye-shiryen rarrabewa. A gindin gora, jarka ko kwanon roba akwai lamba cikin alama mai kusurwa uku. Lamba 1, PET, ita ce gorar ruwa da lemo. Lamba 2, HDPE, jarkoki da robobin sabulu da man wanke gashi. Lamba 5, PP, bokitai da yawancin murafe. Waɗannan ukun su suka fi samun mai saye kusan ko'ina. Lamba 4 ita ce leda mai laushi, ana sayenta idan tana da tsabta, busasshiya, kuma da yawa. Lamba 3, PVC, ta bututu ce da makamantansa, kuma ɗan kaɗan daga cikinta na iya ɓata narkon PET gaba ɗaya, don haka a ware ta. Lamba 6 ita ce farar kumfar nan da ake tallafe kayan lantarki da ita da kwanukan abinci na yarwa. Kusan dukanta iska ce, ɗaukarta ba ta biyan kuɗin mota, shi ya sa da wuya a sami mai so. Ƙananan fakitoci masu ƙyalli a ciki, da aka manne leda da aluminiyam wuri ɗaya, su ma haka. Waɗannan biyun ba a maganinsu a mazubi sai a wajen saye.

Gora a zubar da ragowar abin da ke ciki, a cire murfi, a take ta ta lotse. Gwangwani a gwada shi da maganaɗisu: wanda ya kama baƙin ƙarfe ne, wanda bai kama ba aluminiyam ne, ya fi daraja nesa ba kusa ba, domin sake narka shi na ceton kusan kashi 95 cikin ɗari na makamashin da ake ƙonawa wajen yin sabo. Kwalba a sa ta a mazubi mai ƙarfi ita kaɗai, fasasshiya kuma a naɗe ta kafin a jefa.

Kafin ku ce wa kowa ya fara rarrabewa, ku nemo wanda zai karɓa. Ku je wurin dillalan kayan bola ko masana'antar da ke kusa ku tambaya: me kuke saye, a wane yanayi, daga kilo nawa kuke zuwa ɗauka? Abin da suka ce suna so kaɗai za a ware. Ba abin da ke karya gwiwar mazauna kamar su ga kayan da suka sha wahalar rarrabewa an juye su mota ɗaya da ragowar abinci. Daga ranar ba mai sake saurarar kwamiti. Ku fara da kashi uku kawai, jiƙaƙƙe, busasshe mai sayuwa, da sauran. Mazubi bakwai masu launi bakwai a ranar farko ruɗani ne.

Masu tsintar kayan bola, waɗanda aka saba kora, su ne suka fi kowa sanin wannan kasuwar. Suna yaga leda su watsa ne saboda abin da suke nema na binne a cikin ƙazanta. Idan aka yi yarjejeniya da mutum biyu ko uku daga cikinsu, aka ba su rana da wurin da za su karɓi kaya a ware, da sharaɗin su bar wurin a share, yage-yagen na raguwa sosai, su kuma su huta da yankan kwalba.

Sai ragewa tun daga tushe. Sayen kaya a babban ƙunshi ɗaya ya fi ƙananan fakitoci ashirin ƙarancin shara, jaka mai ɗorewa ta maye gurbin ledar kowane sayayya, kuma duk wanda aka kawo wa firji ko talabijin ya sa sharaɗi tun wajen ciniki cewa mai kawowa zai koma da kwali da kumfar. A ginin da ake yawan kawo saƙon sayayyar intanet, keji ɗaya na kwali a bakin ƙofa, da wuƙar yanka ɗaure a jikinsa, yana rage cunkoson sosai. Abin da ya fi ƙarfin unguwa kuma doka ce ke yinsa, kuma an ga tana aiki. Jamus ta ɗora wa masu kaya alhakin kwashe abin naɗinsu tun 1991, a 2003 ta sa kuɗin ajiya a kan gora da gwangwanin yarwa, wanda ake mayar wa mai saye idan ya dawo da su, yanzu fiye da kashi 90 cikin ɗari na dawowa. Bangladash ta haramta siririyar leda a 2002 bayan an gano rawar da ta taka wajen toshe magudanai lokacin ambaliya, Ruwanda ta bi a 2008, Kenya a 2017. Ƙungiyar mazauna da ke riƙe da alƙaluman awonta na da abin da za ta ajiye a gaban wakilanta.

Jiƙaƙƙen kaso shi ke kawo wari da ɓera. Inda akwai fili, a yi rumbun taki mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi, a riƙa zuba busassun ganye ko yagaggen kwali kashi biyu zuwa uku a kan kowane kashi ɗaya na ɓawo da ragowar ganye, a juya duk mako. Damshinsa ya zama kamar tsumman da aka matse. Idan ya yi wari, ruwa ya yi yawa ko iska ba ta shiga, a ƙara busasshe a juya. Nama, ƙashi da mai ba sa shiga.

Manyan kaya da baraguzai

Katifa ba ta shiga mazubi, kuma idan ba a faɗa wa mai ita inda zai kai ta ba, dare zai jira. A tsayar da rana ɗaya a wata, sananniya, da wuri ɗaya. Kafin mota ta zo a bar kayan kirki na 'yan sa'o'i ga mai so. Masu gidajen haya su sa a yarjejeniya cewa ba a mayar da kuɗin ajiya sai ɗan haya ya kwashe kayansa.

Baraguzai ba sa shiga mazubin gida ko kaɗan. Mita ɗaya ta kowane gefe na fasasshen kankare ya kai tan ɗaya da rabi, don haka mazubin lita 240 da aka cika da shi ya haura kilo 300. Tayarsa za ta karye, ko ƙugiyar mota ta tsage bakinsa. Duk mai gyaran gida ya sanar kafin ya fara, ya nuna inda baraguzan za su. Wanda kuma zai ba wani shara ya kai masa, ya rubuta lambar motar, ya tambayi takardar izini, ya riƙe wani ɓangare na kuɗin har sai an kawo rasit daga wurin zubarwa. A Ingila, ƙarƙashin dokar kare muhalli ta 1990, ana iya cin mai gida tara idan ya miƙa shararsa ga wanda ba shi da rajista kuma aka same ta a zube. Ko dokar wurinku ba ta kai nan ba, riƙe kuɗi har a ga rasit na yin aikin.

Ranar kwashewa

Sai an gama duk wannan za a taɓa jujin. A fara tabbatar da mota da inda za ta kai, a san mai filin, a sanar da hukumar tsabta. Kada a tara tuli a ce gobe mota za ta zo. Tulin da ya kwana sabon juji ne. Kowa ya sa safar hannu mai kauri, rufaffen takalmi mai ƙarfin tafi da takunkumi. Da manjagara da shebur ake aiki, ba a cusa hannu inda ido bai gani ba, ba a danna buhu da ƙafa ko a rungume shi. Buhu ya tsaya a kilo 15 zuwa 20. A tanadi ruwan sha, sabulu da akwatin agajin gaggawa, kuma wanda ƙusa ko gwangwani ya yanka ya je a duba batun allurar tetanus a ranar. Yara ba su da aiki a nan.

Wani ya zagaya tukuna ya sa alama a kan abin da ba a taɓawa. Allurai a ɗauke su da hantsaki a zuba a jarka mai kauri a rufe. Durom ko jarkar da ba a san abin da ke ciki ba kada a buɗe, kada a shinshina, a kira hukuma. Tsohon rufi ko silin da ake zaton na asbestos ne, wani ma'adini mai zare-zare da ake sa wa kayan gini, kada a fasa, kada a share ƙurarsa, domin zarensa idan ya shiga huhu cutar na iya ɗaukar shekaru gommai kafin ta bayyana. Batirin waya da na kwamfuta a ware su, don idan aka matse su ko aka huda suna kamawa da wuta, kuma suna cikin abin da ke tayar da gobara a motocin shara. Tayoyi a zubar da ruwan cikinsu a kwashe su da farko: sauron da ke yaɗa shawara da zazzaɓin dengi a irin wannan ɗan ruwan yake ƙyanƙyasa, cikin mako ɗaya zuwa kwana goma.

Wuta kuwa a cire ta daga lissafi kwata-kwata. Ƙona gaurayayyar shara a fili ba ya kai zafin da zai cinye gubar, sai ya fitar da baƙin hayaƙi da sinadarin dayoksin mai guba, wanda ke sauka a ƙasa ya shiga jikin kaji da dabbobi ya daɗe. Tsohon juji kuma na iya ci ta ƙarƙashi kwana da kwanaki ba a gani. A ƙarshe a kankare har a ga ƙasa, a yashe magudanar da ke gefe. Ragowar da aka bari, komai ƙanƙantarsa, gayyata ce.

Kada wurin ya kwana babu mai shi

A 2008 masu bincike a Groningen ta ƙasar Holan sun rataya takardun talla a kekunan da aka ajiye a wani lungu. Lokacin da bangon ke da tsabta, kashi 33 cikin ɗari ne suka yar da takardar a ƙasa. Da aka ɓata bangon da rubuce-rubuce, sai adadin ya kai kashi 69. Mutum na karanta wuri kafin ya yanke abin da zai yi a cikinsa. Don haka a ranar da aka kwashe, a ranar za a sauya fuskar wurin. Inda mota ke shiga a kafa turaku ko manyan duwatsu, tazarar da ba ta wuce mita ɗaya da rabi ba. A datse ciyawa da rassan da ke rufe gani, a sa fitila, a shafe bango da fenti. Mafi ƙarfi duka shi ne a ba wurin aiki: shuka a cikin manyan tukwane, benci, wurin ajiye keke, ɗan lambu. Kangon da mai shi ya yi watsi da shi a rubuta masa takarda ya katange, a kai kwafi ga hukuma.

Allo ya faɗi abin yi, ba hani kaɗai ba: ga inda mazubi yake, ga ranar manyan kaya, ga lambar kira. Sannan a raba makonni tsakanin gidajen da ke kallon wurin, da ƙa'idar cewa duk abin da aka yar za a ɗauke shi cikin sa'a 24. Watanni uku na farko su ne masu wuya, domin ƙafa ta saba da hanya.

Sheda da hukunci

Waɗanda suka rage bayan an samar da mafita su ne masu yi da gangan, kuma yanzu sun yi kaɗan, ana iya gane su. Wanda ya ga ana zubarwa ya rubuta rana, lokaci, lambar mota, launinta da irin kayan, ya ɗauki hoto daga nesa idan babu haɗari. Kada ya tare mota, kada ya shiga cacar baki da dare. Rahoto ya tafi ga hukuma a rubuce, a karɓi lambar shigarwa, a bibiya bayan mako ɗaya. Takarda mai adireshi da aka tsinta a tuli alama ce, ba hujja ba, don mai ita na iya kasancewa ya biya wani ne; a miƙa ta ga jami'i, kada a je ƙofar gidan mutum da ita. Yaɗa hoton fuskar wani a Facebook ko WhatsApp kan jawo ƙara da gaba, wani lokaci ma a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Idan za a sa kyamara, a ɗaga ta mita uku zuwa huɗu, ta kalli mashigar mota inda akwai hasken da zai nuna lamba, kada ta leƙa gidan kowa, a sa sanarwa, a kuma duba abin da dokar sirri ta wurin ta ce.

Ga maƙwabci, magana ta fara zuwa, sai takardar gargaɗi, sannan tara. Tsoho ko marar lafiya da ba ya iya kai shara mazubi a sa wanda zai riƙa karɓar masa. Bayan wata uku a koma da taswirar farko a sake zagayen mako biyu, a tsaya inda aka tsaya a ɗauki hoto. Idan juji ya ɓullo a lungu na gaba, an kore shi ne kawai, a duba irin kayan da ke cikinsa a koma kan matakin da ya shafe su. Idan kuma a gindin mazubi yake taruwa, a ɗaga murfin a ranar da ta gabaci zuwan mota: in a cike yake, a ƙara mazubi ko ranar kwasa; in da sauran wuri a ciki, matsalar murfin ce, ko tsayinsa, ko duhun wurin.